Yadda Tsirya Ta Zama 'Yar Gari a Landan 🧵

1/ Jama'a, yau ɗin nan akwai dubban tsuntsaye dangin aku, koraye shar, da ke yawo sakaka a unguwannin gefen birnin Landan. Babu mai su. Suna kwana kan bishiyoyi, suna ƙyanƙyasa a kogon itace, suna shan sanyin Ingila hankali kwance. Ku biyo ni mu ga yadda aka yi haka, da abin da ya shafe mu a ciki.

2/ Tsuntsuwar da nake magana ita ce tsirya, mai doguwar jela da jan baki. Tsawonta daga baki zuwa ƙarshen jela ya kai kusan santimita 40. Namijin ne ke da zobe baƙi da ruwan hoda a wuya, kuma sai ya kai wajen shekara 3 zoben ke fitowa sosai. Macen ba ta da shi.

3/ Masana suna kiranta Psittacula krameri. Wani masani Giovanni Scopoli ne ya raɗa mata sunan a 1769, don tunawa da Wilhelm Kramer, wani mai nazarin halittu. Iri 4 ce: biyu a Afirka, biyu a Asiya. Ta Afirka ta bazu daga Senegal har Sudan da Habasha, ta ratsa Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar.

4/ Wato dai 'yar gida ce a wajenmu. Na Asiya kuma suna Pakistan, Indiya, Nepal, Sri Lanka zuwa Bama. Ku riƙe wannan rabon da kyau, domin can gaba shi ne zai warware mana wata gardama da Turawan Ingila suka daɗe suna yi.

5/ Zuwan tsirya Turai tsohon labari ne. Wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani likita Bagirke mai suna Ctesias, da ya yi aiki a fadar Farisa, ya rubuta labarin tsuntsun Indiya mai magana kamar mutum. Bayan yaƙe-yaƙen Alekzanda na Masedoniya a Indiya, tsuntsayen suka fara isa ƙasar Girka.

6/ Romawa sun mayar da su kayan ƙawa na masu hali. Pliny ya siffanta tsuntsu kore mai jan zobe a wuya da ake kawowa daga Indiya, kuma kun ga ai siffar ba ta ɓuya. To amma duk tsawon waɗannan ƙarnuka a keji suke. Kaɗan ne, masu tsada ne, wanda ya mallaka ba ya wasa da su.

7/ Abin ya fara canjawa ne da mulkin mallaka. Jiragen ruwa na kai da komo tsakanin Indiya da Ingila, matuƙa da sojoji da 'yan kasuwa na dawowa da tsuntsaye a matsayin tsaraba. Abin da a da sai gidan sarauta, ya fara shiga gidan talaka. In abu ya yi yawa kuwa, dole wani ya kuɓuce.

8/ An rubuta cewa tsirya ta yi ƙyanƙyasa a waje a yankin Norfolk tun 1855. An kuma ga wasu a Dulwich da Brixton, kudancin Landan, a shekarun 1890. Waɗancan ba su ɗore ba, sun ɓace. Amma ku lura da shekarun, don za su yi mana amfani yanzun nan.

9/ In ka tambayi mutumin Landan daga ina tsuntsayen nan suka zo, yawanci ɗaya daga cikin labarai uku zai ba ka. Na farko: wai mawaƙin nan ɗan Amurka mai kaɗa jita, Jimi Hendrix, shi ne ya saki mace da namiji a titin Carnaby a ƙarshen shekarun 1960.

10/ Labarin na da daɗin ji. Hendrix ya zauna a Landan da gaske, a can ma ya rasu a 1970. Sai dai ku yi lissafi: tsuntsu biyu rak, a tsakiyar birni, su haifar da dubbai? Kuma ga shi an riga an ga irinsu a waje shekaru da dama kafin a haife shi.

11/ Na biyu: wai sun tsere ne daga wurin ɗaukar fim ɗin The African Queen na 1951, wanda Humphrey Bogart da Katharine Hepburn suka fito. An ɗauki wani sashe na fim ɗin a Isleworth, yammacin Landan, kuma yankin na cikin inda tsirya ta fi yawa a yau. Shi ya sa mutane ke gaskatawa.

12/ Matsalar ita ce, daga 1951 zuwa lokacin da aka fara ganin suna hayayyafa a kai a kai akwai tazarar kusan shekara 20. Ina suka ɓuya duk wannan lokacin? Tsuntsun da ke kururuwa tun asuba, kore shar a garin da bishiyoyi ke zubar da ganye duk hunturu, ba ya ɓuya.

13/ Na uku: babbar guguwar daren 15 zuwa 16 ga Oktoba 1987, wadda ta kayar da bishiyoyi kusan miliyan 15 a kudancin Ingila. Wai ta farfasa kejinan masu kiwo, tsuntsaye suka watse. To amma tun 1983 an riga an saka tsirya a jerin tsuntsayen Birtaniya masu rayuwa da kansu. Guguwa ta tarar da su ne.

14/ A ƙarshen 2019 wasu masu bincike daga jami'o'in Landan, cikinsu har da Steven Le Comber na Queen Mary, suka fitar da nazari kan wannan gardama. Dabarar da suka ɗauko ta 'yan sanda ce, wadda ake bi a gano mazaunin mai laifi daga wuraren da ya yi ta aikata laifinsa.

15/ Suka zuba bayanan inda aka ga tsirya sama da 5,000, tun daga 1968, a kan taswira. Da a ce daga wuri ɗaya suka fito, da taswirar ta nuna cibiya ɗaya. Ba ta nuna Carnaby ba, ba ta nuna Isleworth ba. Wurare da yawa ta nuna, a warwatse.

16/ Suka kuma tono tsofaffin jaridu. Babu jaridar lokacin da ta ba da labarin Hendrix ko na fim ɗin. Abin da suka tarar da yawa shi ne labaran tsuntsayen da suka kuɓuce wa masu su, da kuma wani babban firgici da ya kama jama'a. Nan ne tarihin ya fi ɗaukar hankalina.

17/ A 1929 wata cuta ta ɓulla a Ajantina, aka danganta ta da tsuntsayen aku da ake fataucinsu. Zazzaɓi ne mai zafi da ke kama huhu, ana ɗaukarsa ta shaƙar ƙurar kashin tsuntsu ko ta gashinsa. Jiragen ruwa suka kai ta Turai da Amurka. Jaridu suka sa mata suna zazzaɓin aku.

18/ Tsakanin 1929 da 1930 ta kama mutum wajen 800 a ƙasashe daban-daban, sama da 100 suka mutu. A Amurka har ma'aikatan ɗakin binciken gwamnati da ke nazarin cutar sun kamu, har aka yi rashin rai. Shugaba Herbert Hoover ya hana shigo da aku a Janairun 1930.

19/ Ƙarin bayani ga masu son tarihi: firgicin nan na cikin abin da ya ingiza majalisar Amurka ta faɗaɗa wancan ɗakin bincike a 1930, ta mayar da shi cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, wadda yau duniya ta sani da NIH. Kun ga inda maganar aku ta kai mu.

20/ Birtaniya ma ta hana shigo da su a 1930, haramcin ya yi wajen shekara 20. A farkon shekarun 1950 aka sake wani firgicin. Yanzu ka sa kanka a matsayin uwa mai yara a gida, jarida na cewa tsuntsun falonki na iya kashe ki. Yankawa da wuya, sayarwa ba mai saye. Sai a buɗe taga.

21/ Wannan shi ne abin da masu binciken suka fi karkata a kai: sakin tsuntsaye kaɗan-kaɗan, gida-gida, shekara da shekaru, wasu da gangan, wasu bisa kuskure. Yawancinsu sun mutu a waje. Amma da yayyafi kogi kan cika. Wata rana waɗanda suka tsira suka yi yawan da za su sami juna.

22/ Daga ƙarshen shekarun 1960 ciniki ya koma jirgin sama. Tsuntsun da a da sai ya yi makonni a teku, yanzu kwana ɗaya ya iso. Farashi ya faɗi, shagunan dabbobi suka cika. Tsirya kuma ga ƙara, ga cizo, ga tsawon rai da kan wuce shekara 20. Da yawa sun saya sun gaji.

23/ A 1969 aka fara tabbatar da zaunannun tsirya a yankin Kent, kusa da Landan. A ƙidayar 1996 an samu kimanin 1,500. Zuwa 2012, ƙidayar da masu bincike na Imperial College suka jagoranta ta kai sama da 30,000. Cikin shekara 16 ke nan fa.

24/ Yadda ake ƙirga su ma abin sha'awa ne. Da rana suna watsewa neman abinci, da magariba sai su taru dubbai a wuri ɗaya su kwana. Masu ƙidaya na tsayawa su lissafa su suna shigowa. A filin wasan rugby na Esher an taɓa ƙirga kusan 7,000 a jerin bishiyoyi guda.

25/ Yau in ka je Richmond Park, Kew Gardens, Kingston ko Twickenham, kafin ka gan su za ka ji su. Sun kai Birmingham da Manchester, har Glasgow can arewa a Scotland. Akwai yaran da aka haifa a Landan da ba su san garin ba tare da wannan kukan ba.

26/ To tambayar da kowa ke yi: tsuntsun ƙasar zafi, ya aka yi sanyi bai gama da shi ba? Nan ne rabon da na ce ku riƙe zai yi aiki. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna yawancin tsiryar Turai jikokin na Asiya ne, musamman na Pakistan da arewacin Indiya.

27/ Waɗancan kuwa suna rayuwa har gindin duwatsun Himalaya, inda hunturu ba wasa. Sun zo da jurewar sanyi a jikinsu. Wato tamu ta Sahel ba ita ta ci Landan ba, 'yar uwarta ce. Wannan ma ya ƙara raunana labarin fim ɗin da aka gina kan Afirka.

28/ Sai kuma shi kansa birnin. Gari ya fi karkara ɗumi saboda gine-gine da motoci. Turawan Ingila na da al'adar rataye abincin tsuntsaye a bayan gida, gyaɗa da 'ya'yan sunflower, duk tsawon hunturu. Lokacin da yunwa ya kamata ta rage su, a lokacin ake ciyar da su kyauta.

29/ Ga lambunan shaƙatawa cike da itatuwan da aka kwaso daga sassan duniya, wannan ya yi fure yau, wancan ya yi 'ya'ya gobe. Ga tsofaffin bishiyoyi masu kogo. Tsirya ba ta saƙa sheƙa, kogo take nema. Unguwannin gefen Landan, da lambuna da maƙabartu, kamar don ita aka tsara su.

30/ Kuma tana da wayo ɗaya: da wuri take kama gida. Tun sanyi bai gama wucewa ba ta riga ta shige kogo, ta yi ƙwai 3 ko 4, ta kwanta a kai wajen mako 3. Kafin tsuntsayen ƙasar masu neman kogo su shirya, an riga an kama ɗaki.

31/ Landan ba ita kaɗai ba ce. A Brussels ta Beljiyam ma an san ranar da abin ya fara: a 1974 mai wani wurin shaƙatawa da ake kira Meli, Guy Florizoone, ya saki tsirya wajen 40 don ya ƙara wa birnin launi. Yau dubbai ne. A Jamus suna Cologne, Düsseldorf, Wiesbaden da Heidelberg.

32/ Kun ga Brussels na da mutum ɗaya da za a nuna da yatsa, Landan ba ta da shi. Ni a ganina shi ya sa aka ƙirƙiro mata. Ɗan Adam na son labarin asali mai jarumi guda, baƙo ya zo, ya yi abu ɗaya, gari ya kafu. Mu ma mun san irin wannan a labaran kafuwar garuruwanmu.

33/ Kuma labarin jarumi ɗaya na wanke kowa. In Hendrix ne, to ba ruwan kakarka da ta buɗe taga, ba ruwan mai shagon da ya yi odar akwati ɗari, ba ruwan gwamnatin da ta ba da lasisi. Laifi tudu ne. Shi ya sa takardu ke da muhimmanci a tarihi, ko da labarin baka ya fi daɗi.

34/ New York ma na da irin nata. Can wani dangin aku ne daga Ajantina da Uruguay, mai toka-toka a ƙirji, Myiopsitta monachus. Labarin gari ya ce akwati ne ya fashe a filin jirgin JFK. Takardun ciniki kuma sun nuna an shigo da sama da 60,000 Amurka tsakanin 1968 da 1972.

35/ Shi wannan, saɓanin tsirya, sheƙa yake saƙawa da ƙirare, ƙatuwa, gidaje da yawa a haɗe kamar gidan haya. Ɗumin cikinta ke raba su da sanyi. Suna kan ƙofar maƙabartar Green-Wood a Brooklyn, suna Hyde Park a Chicago tun shekarun 1970, inda magajin gari Harold Washington ya shahara da ƙaunarsu.

36/ Matsalarsu ita ce son falwaya da taransifoma, saboda ɗumi. A Florida sheƙunansu na jawo ɗaukewar wuta. A Madrid kuma yawansu ya kai wajen 13,000, har a 2019 hukumar birnin ta sanar da shirin rage su. Masu kare dabbobi suka yi ca. Rigimar ba ta da sauƙi.

37/ To, shin suna ɓarna da gaske? Amsar ta danganta da wuri. A Seville ta Sifaniya, a lambun María Luisa, akwai wani babban jemage da ba a cika samu ba, mai kwana a kogon bishiya. Tsakanin 2003 da 2017 sheƙun tsirya suka ninka sau 20, bishiyoyin da jemagun ke ciki suka ragu da kashi 81 cikin 100.

38/ Masu binciken sun ga tsirya na kai wa jemagun hari da rana tsaka, suna kuma tsintar gawarwakinsu a gindin bishiyoyi. A Beljiyam an nuna tana ƙwace kogo daga wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai hawa jikin itace. A Ingila kuwa nazarin da aka yi a 2011 bai ga raguwar tsuntsayen ƙasar saboda ita ba.

39/ Manoma su ne suka fi tsoro. A Indiya da Pakistan tsirya na cikin manyan masu ɓarnar gona, hatsi da 'ya'yan itace. Duk wanda ya taɓa korar tsuntsu a gonar gero ya san zafin abin. Tun Janairun 2010 dokar Ingila ta sassauta wa masu gona su kashe ta in tana musu ɓarna.

40/ A gefe guda kuma, gari ya fara haɗiye ta. Shahon nan mai tsananin gudu da ke sheƙa kan dogayen gine-ginen Landan ya sa ta a cikin abincinsa. Mutane na zuwa lambu da tuffa a hannu don ta sauka a kafaɗarsu a ɗauki hoto. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan raɓar ta ƙi bushewa.

41/ Muhawarar kan zame wani lokaci ta bar tsuntsu. Za ka ji ana cewa baƙi ne, sun yi yawa, sun cika surutu, suna ƙwace wa 'yan ƙasa gida. A ƙasar da maganar baƙin haure ke da zafi, kalmomin sun yi kama da juna ƙwarai. Ni dai ina ganin a bar hujja ta yi magana: inda akwai ɓarna a nuna ta da ƙidaya.

42/ Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna. Amurka ta taɓa samun aku nata na asali, na Carolina, kore mai rawayan kai. Manoma suka harbe, masu huluna suka fige, aka sare dazuka. Na ƙarshe da ke hannun mutane, mai suna Incas, ya mutu a gidan zoo na Cincinnati ranar 21 ga Fabrairu 1918.

43/ Bayan shekara 50 sai ga baƙin aku na cika biranen ƙasar. A Los Angeles da kudancin Texas akwai aku mai jan goshi daga arewa maso gabashin Mexico, wanda a ƙasarsa ta asali yake fuskantar barazanar ƙarewa saboda kamu da sare daji. A bakin titin Amurka kuma yana ta hayayyafa.

44/ A Hong Kong ma haka. Wani farin aku mai rawayan tukku, ɗan asalin Indonesiya da Timor, ya kusa ƙarewa a gida. Wajen 200 na zaune a tsakiyar Hong Kong cikin dogayen benaye, kusan kashi 10 cikin 100 na duk waɗanda suka rage a duniya. Cinikin da ya ƙarar da su can shi ya dasa su nan.

45/ Girman cinikin fa? Kafin 2005 ana fataucin tsuntsayen daji wajen miliyan 1.3 a shekara tsakanin ƙasashe, cikin waɗanda ake rubutawa. Kaso mafi tsoka daga Afirka ta Yamma yake fitowa, musamman Gini, Mali da Senegal. Manyan masu saye kuma ƙasashen Turai ne.

46/ A Oktoban 2005, ana tsakiyar fargabar murar tsuntsaye, aka gano cutar a wani wurin killace tsuntsayen da aka shigo da su a Essex ta Ingila. Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji, a 2007 ta mayar da haramcin na dindindin. Cinikin da ake rubutawa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100.

47/ Ku lura da abin da ya maimaita kansa. A 1930 tsoron cuta ne ya rufe ƙofa, a 2005 ma tsoron cuta ne. Shekaru ana kukan dazuka na ƙarewa, ba a motsa ba sai da abin ya zo kan lafiyar mai saye. Wannan darasi ne ga duk ƙasar da ke sayar da arzikin dajinta.

48/ Mu dawo gida. Akun da Bahaushe ya fi sani shi ne mai launin toka da jar jela, gwanin kwaikwayon magana. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, da ta fara fitowa a 1937, ya san aku har waziri ya zama. Amma shi ba tsuntsun ƙasar Hausa ba ne, na kurmi ne. Fatauci ke kawo mana shi.

49/ Kurmin kudancin Najeriya, Kamaru, Ghana, Gabon da Kwango ne gidansa. An fitar da sama da miliyan ɗaya daga Afirka tun 1975, ban da waɗanda suka mutu a hanya. A Ghana, binciken Nathaniel Annorbah da abokan aikinsa ya nuna an rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 nasu tun 1992.

50/ A taron CITES na 2016 a Johannesburg aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Amma doka a takarda ba ta hana mai tarko hawa bishiya muddin akwai mai saye. Masu sayen kuma ba duka ke Turai ko ƙasashen Larabawa ba. Wasu na nan cikinmu, kejin na rataye a tsakar gida.

51/ Tsirya ta yi sa'a: tana da yawa a gida, ta jure keji, ta jure sanyi, ta sami gari mai ciyar da ita. Aku mai toka ba shi da wannan sa'ar. A hankali yake hayayyafa, yana buƙatar manyan bishiyoyi masu kogo, kuma su ne masu katako ke fara sarewa.

52/ Don haka in kun ga bidiyon tsirya a Landan kuna dariya, ku tuna kowace ɗaya jikar wadda aka kamo ce daga wani daji, aka cusa a akwati. Kafin ka sayi aku a kasuwa ko a bakin hanya, tambayi mai sayarwa daga ina ya fito. In ya kasa amsawa, ka bar masa kayansa.

53/ Ga masu sha'awar kallon tsuntsaye kuma, ba sai kun nemi bizar Ingila ba. Tsirya na nan a dazukanmu na Arewa, inda manyan bishiyoyi suka rage. Wanda ya san wani sunanta a yankinsu, Sakkwato ne, Katsina, Damagaram ko Maraɗi, ya ajiye mana a ƙasa.